Tambayoyinku: Na tsufar da tankata, ta koma kamar ƙarfen juji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa ƙaramar tankar T-34/85 ta roba, samfurin tankar yaƙin Tarayyar Soviet, mai ma'aunin 1/35, ita ce ta farko a hannuna. Koren fentin ya kwanta lafiya. Da na zo tsufar da ita, na sa tsatsa da taɓo da ƙarcewa, sai ta koma kamar ƙarfen da aka yar a juji. Wani wurin ma fentin ya tattare har roba ta bayyana. Ga hotuna nan. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na daɗe ina kallon hotunan. Haɗinka ya yi kyau, kuma na ji daɗin yadda ka bar sarƙar ta kwanta a kan tayoyi, domin T-34 ba ta da ƙananan tayoyin sama masu tallafe sarƙa irin na Sherman, tankar Amurka. Wanda ya lura da wannan a aikinsa na farko yana da ido.

Matsalarka lissafi ce. Milimita 1 a jikin abin da ke hannunka santimita 3.5 ne a jikin tankar gaske. Faɗin T-34 mita 3 ne, shi ya sa taka ta tsaya a santimita 8 da rabi. To, dubi ƙarcewar da ka zana a gefen kan tankar, inda bindiga take. Na kimanta ta kai milimita 5, wato kusan taƙi guda na fenti ya ɓantare, kuma ka jera irinta fiye da goma. Me ya daki wurin? Ni kafin in ɗora kowane tabo sai na tambayi kaina haka. In ba ni da amsa, in mai da burushi cikin ruwa.

Ƙarcewa tana bin ƙafa da hannu ne. Bakin murfin direba da ke gaba, bakin murfin kwamanda, ƙarafan riƙo da sojojin ƙasa ke kamawa idan sun hau bayanta, saman injin inda suke taka takalma, da gefen marfin sarƙa inda take gogar bango ko itace. Ka yagi ɗan soso kamar ƙwayar wake, ka kama shi da hantsaki, ka tsoma a fenti mai duhun ƙasa-ƙasa, sannan ka daddanna a takarda har sai ya kusa bushewa. Ɗan abin da ya rage shi za ka taɓa bakin murfi da shi, sau biyu ko uku. Ɗigon zai fito ƙanana, ba tsari, yadda hannu da burushi ba za su iya zanawa ba.

Tsatsa kuwa, nan ne zuciyata ta fi sosuwa, don ita ta rufe maka kyakkyawan aiki. T-34/85 ta shiga fage a 1944, Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a Turai a Mayun 1945. Wadda ka sa wa lambar zamanin yaƙi ba ta wuce shekara ɗaya da 'yan watanni a duniya ba. Yaushe ruwan tsatsa ya samu sukunin zubo mata tun daga sama har ƙasa? Ka bar tsatsa ga salansa biyun nan na baya, waɗanda zafi ke ƙona musu fenti, da ɓallayen sarƙa na ko-ta-kwana da ake ɗaurawa a gaba. Injinta V-2 na dizal ne, saboda haka baƙin hayaƙi a ƙarƙashin salansa ya dace, haka ma ɗan zirin mai a bakin gangunan da ke gefe. Ita sarƙar da ke tafiya kullum, ƙasa na goge ta. Ka bi tudun ɓallayen da fensir mai laushi, ka murza da yatsa, za ka ga hasken ƙarfe ya taso.

Maganar fentin da ya tattare, tina, ruwan tsinka fenti, ita ce ta cinye shi. Ni ma ta taɓa yi mini haka a wata Sherman da na yi mako uku a kanta, ina kallo koren ya yamutse a ƙarƙashin burushi, kuma ban manta zafin ranar ba. Tun daga nan na riƙe wannan tsari: in wanke robar da ruwan sabulu, in fesa fentin share fage, in sa koren akirilik, wato fentin da ake tsinkawa da ruwa, in bar shi kwana ɗaya ko biyu, sannan in rufe da fenti marar launi mai sheƙi, shi ma akirilik. A kan wannan rufin ne fentin mai da aka tsinka da farin sifirit, wata tina marar ƙarfi, zai gudu cikin lunguna da layin walda ba tare da ya taɓa na ƙasa ba. Tinar fentin mota ta fi ƙarfin wannan aiki, tana iya cin robar kanta. Ka buɗe taga duk lokacin da za ka taɓa waɗannan ruwaye.

Kada ka yar da tankar. Ka goge inda ya tattare da samfefa mai laushi, ka tsinka korenka sosai, ka fesa shi sama-sama a kan ɓangaren sama. Zai danne yawancin tabon, ya bar inuwarsu. Taɓo ya tsaya daga tayoyi zuwa ƙasa, ɗanye mai duhu a ciki, busasshe mai haske a gefe. Ƙura kuma allin zane ka niƙa a samfefa.

Tambaya: Malam, sitikar lambobin da na liƙa tana wani farin ƙyalli a gefe. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, iska ce ta maƙale a ƙarƙashinta. Fenti marar sheƙi kaushi gare shi ko da ido bai gani ba, sitika ba ta samun kwanciya. A gaba ki fara shafa mai sheƙi a wurin, ki liƙa, ki danne da auduga mai ɗan laima, in ta bushe ki rufe da marar sheƙi. Wadda ta riga ta yi, ki tsattsaga ta da bakin sabuwar reza, ki ɗiga ruwan laushin sitika, ki bar ta ta kwana.

Tambaya: Tiger I, tankar Jamus, zan fenta, ta fagen yaƙin Rasha. Toka ko rawaya?

Amsa: Shekarar da ka zaɓa ce za ta raba gardama. Waɗanda suka fara isa kusa da birnin Leningirad na Rasha a 1942 toka mai duhu ne. A Fabrairun 1943 Jamus ta koma rawaya mai duhu, ana ba ma'aikatan tanka kore da jan ƙasa su shafa da kansu a fage, don haka zanen kowace ya bambanta. Ka nemi hoton tanka guda mai lamba, ka kafa shi gabanka, ka bi nata zanen.