Tambaya da Amsa: Ejan ya ce in sayar da gona in tafi aikin masauki a Makka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni daga wani ƙauye nake a bayan Ringim, shekarata 26. Wani ejan a Kano ya ce akwai aiki a masaukin mahajjata a Makka, gyaran ɗakuna da shara, da wurin kwana da abinci, amma sai na biya kuɗin biza da tikiti, kuma wai da bizar umara zan shiga, in na je can a gyara min takardu. Ba ni da kuɗin sai dai in sayar da gonar da na gada. Don Allah mene ne shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Aikin masauki aikin halal ne, ni kaina na yi shekaru ina kula da ma'aikatan wani masauki a Madina kafin in dawo gida, amma wallahi wannan magana ta bizar umara ita ta sa gabana ya faɗi. Bizar umara ta ibada ce, ba a aiki da ita, kuma wai a gyara maka takardu a can, wannan zancen ejan ne kawai. Ranar da wa'adin bizar ya cika ka zama takari, kullum kana leƙen bayanka, ba asibitin da za ka shiga da kwanciyar hankali, in mai gida ya riƙe albashinka ba wanda za ka kai wa ƙara, in aka kama ka sai tarhil a Shumaisi, wato wurin tsare waɗanda za a kora gida, a ɗebo ka zuwa filin jirgin Kano da kayan jikinka, gona kuma ta riga ta zama ta wani.

Hanyar gaskiya ita ce kamfanin da zai ɗauke ka ya fitar maka da bizar aiki tun kana nan, ko ta shekara ko ta wucin gadi da ake bayarwa saboda hidimar hajji da umara. A dokar ƙwadagon Saudiyya ma kuɗin ɗauko ma'aikaci da kuɗin iƙama (takardar izinin zama) da tikitin komawa gida in kwantiragi ya ƙare duk wuyan mai ɗaukar aiki suke, to ka tambayi ejan ɗin kuɗin me za ka biya, ya rubuta maka dalla-dalla, ka kuma ce ya nuna maka lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In ya fara fushi yana cewa ba ka yarda da shi ba ai ka samu amsa.

Wani abu da mutanenmu ba sa lura da shi shi ne sana'ar da aka rubuta a jikin biza da iƙama. Akwai wanda aka ce masa otal zai je, ashe bizar mai aikin gida ko direban gida aka buga masa, su kuwa waɗannan ba sa cikin dokar ƙwadago ta sauran ma'aikata. Gyaran da aka yi wa tsarin kafala (ɗaure ma'aikaci a hannun kafili, wato wanda ya ɗauko shi) a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar canza wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai da yardar kafili ba, bai haɗa da su ba. Ka samu wanda ya iya Larabci, ko malamin Islamiyyarku ne, ya karanta maka sana'ar da ke jikin bizar. Kwantiraginka kuma a manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadagon Saudiyya ake saka shi, za ka gan shi a wayarka, kar ka danna amincewa sai ka ga albashi da riyal a rubuce. Dala ɗaya riyal 3.75 ce, da haka za ka yi lissafi, ba da adadin nairar da ejan zai faɗa maka don ya burge ka ba.

Aikin kansa fa ba hutu ba ne. A takarda awa 8 ne a rana, 48 a sati, a azumi Musulmi awa 6, hutun shekara kwana 21, ƙarin lokaci kuma ana biyansa daban, sai dai goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin hajji ba ka sanin dare da rana, ayari na fita wani na shigowa, ɗaki mai gado huɗu ko biyar sai ka cire zannuwa ka wanke banɗaki ka kwashe shara cikin 'yan mintuna, ga alhazai kowa da yarensa da halinsa. Wurin kwanan da ake faɗa yawanci gado ne mai hawa biyu, ku da yawa a ɗaki tare da 'yan Bangaladash da Fakistan. Wanda ya saba da noman rani ba ƙarfin zai gagare shi ba, kewar gida ce take karya mutane, musamman ranar Sallah kana goge bene ana turo maka bidiyon hawa daga Ringim.

Fasfonka kar ka bar shi a hannun kowa, doka ta hana kafili riƙe shi, ka ɗauki hotonsa da na kwantiragin ka bar wa yayanka a gida. Gona kuwa in har bizar aiki ta fito kuma akwai 'yan kuɗin fasfo da gwajin asibiti da suka rage, ka ba da ita haya ta damina ɗaya ko biyu a gaban mai unguwa da shaidu, kar ka sayar. In ejan ya ba ka wata takarda ka turo min hotonta in duba kafin ka ba shi ko sisi.