Amsar Kawu: Ko kiran Allah amini raini ne?

'Yata, saƙonki ya iso, na karanta shi har sau biyu. Kin ce a majami'ar da kike zuwa a Abuja mai wa'azi ya ce mu riƙi Allah kamar aboki, abin ya yi miki nauyi a baki, domin a gidanmu ko sunan mahaifinki ba ki taɓa kamawa ba, kuma sai kin durƙusa kike gaishe ni. Kika tambaya, wannan ba raini ba ne? Na ji daɗin wannan kunyar taki. Kada ki yar da ita.

Amma ki lura, Bahaushe ya raba aboki da amini. Aboki kowa na da shi, na kasuwa, na makaranta, na zaman hira. Amini kuwa shi ne wanda ya san cikinka, ka ba shi ajiyar asirinka ka kwanta ka yi barci. Aminin nan Littafi Mai Tsarki yake nufi. A Yakubu 2:23 an kira Ibrahim aminin Allah, kuma in kin buɗe Farawa sura 18 za ki ga dalili. Ubangiji da kansa ya ce ba zai ɓoye wa Ibrahim abin da zai yi da Saduma ba. Ibrahim ya tsaya yana roƙo a bar garin saboda masu adalcin da ke cikinsa, daga mutum 50 har ya sauko zuwa 10, kamar mai neman ragi wurin wanda ya san ba zai kore shi ba. A tsakiyar roƙon nan kuma ya kira kansa ƙura da toka. Kin gani? Ga kusanci, ga durƙuso, a baki ɗaya. A Yahaya 15 Yesu ya ce wa almajiransa ba zai ƙara kiransu bayi ba sai aminai, don bawa bai san abin da ubangidansa yake yi ba, amma ya haɗa da sharaɗi: su yi abin da ya umarce su.

Tsoronki yana da tushe, ban musa ba. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Na ga samari suna addu'a kamar suna aiken yaro kanti, abin yana ɓata mini rai. Amma maganin wannan ba nisantar Allah ba ne.

Kakanki ya yi aikin kuza a Bukuru. Da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, ya koyi haɗa baƙi. Ko a watan Disamba, lokacin da sanyin Jos ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa, kafin zakara ya yi cara na biyu ya kunna aci-balbal ya tashe mu. Waƙa ɗaya, karatu kaɗan, addu'a. Muna yara haushi muke ji. Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne, kafin ya tashe mu ya riga ya daɗe shi kaɗai a zaure, yadda Markus 1:35 ya ce Yesu ya fita da asussuba zuwa wurin da ba kowa. Wata rana na laɓe na ji shi. Ba wasu manyan kalmomi. Kuɗin makarantarmu yake faɗa wa Allah, da ciwon ƙafarsa, da wani da ya zalunce shi a wurin aiki wanda ya kasa yafe masa, yana cewa a taimake shi ya yafe. Sai ya yi shiru mai tsawo. Wannan shirun nake so ki koya, domin amini ba ya zuba magana ya tashi, yana sauraro.

Zumunci a ƙafa yake, 'yata. Na san cunkoson hanyar Nyanya yana fitar da ke tun duhu. To ki ajiye waya minti 15 kafin ki fita. Ranar da zuciyarki ta yi nauyi, ki karanta Zabura 13, inda Dawuda ya tambayi Allah har yaushe zai manta da shi, ki faɗi naki haka, ba ɓoye-ɓoye.

In kin zo Kirsimeti ki taho da rigar sanyi. Littafin kakanki yana cikin akwatina, bangon ya cire, zan nuna miki wuraren da ya ja wa layi.