Hukuncin Sayen Na'urar Gyara Saitin Ƙaramar Bindiga da Yi wa Wasu Aiki da Ita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, aikin gadi nake yi, kuma ina da ƙaramar bindiga bisa doka. Duk lokacin da na je filin koyon harbi sai harsashi ya riƙa sauka hagu da inda na auna. Ina son in sayi na'urar da ake tura saiti (ɗan ƙarfen da ke saman bindiga wanda ake auna harbi da shi) da ita in gyara da kaina, amma wani abokina ya ce haramun ne, wai taimaka wa kisa ne. Sannan abokan aikina sun ce idan na saya zan riƙa gyara musu nasu suna biyana. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sayen wannan na'ura da gyara bindigarka da ita halal ne, matuƙar mallakar bindigar ta halatta gare ka. Abokinka ya yi gaggawa. Na'urar matsi ce kawai: ana ɗaure saman bindigar a cikinta, a murɗa noti, ya tura saitin baya dama ko hagu a cikin gurbinsa. Ba ta ƙara wa harsashi ƙarfi, ba ta sa bindiga ta yi harbi da yawa. Asalin kayan aiki irin wannan halacci ne, kuma ƙa'idar malamai ita ce hanya tana ɗaukar hukuncin abin da aka nufa da ita.

Ni a ganina ma gyaran ya fi barin. Wanda aka ɗora wa tsaron mutane, bindigarsa kuma tana kai harsashi inda bai nufa ba, shi ne ya fi kusa da zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Kisan kuskure kuwa ba wasa ba ne a shari'a: aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara, wanda bai samu bawan da zai 'yanta ba ya yi azumin wata 2 a jere. Kuma Muslim ya ruwaito daga Uƙuba ɗan Amir cewa Annabi (SAW) ya karanta ayar tanadin ƙarfi ta Suratul Anfal a kan mumbari, ya ce ƙarfin shi ne harbi, har sau uku.

Amma kafin ka kashe kuɗinka, ka tabbata laifin saitin ne. Masu koyar da harbi suna yawan faɗin cewa mai harbi da hannun dama idan harsashinsa yana sauka hagu da ƙasa, galibi yadda yake fizgar kunama ne. Ka jingina bindigar a kan abu mai ƙarfi ka harba, ko ka ba ƙwararre ya gwada. In har yanzu hagu take kaiwa, sai ka tura saitin baya dama kaɗan, domin saitin baya ana tura shi ne wajen da ake son harsashi ya koma. Idan kuma sau ɗaya za ka buƙaci gyaran, kai wa mai gyara ya fi sauƙi, ko da yake sayen bai kai almubazzaranci ba.

Lokacin aikin akwai ladubban da suka zama wajibi. Ka cire gidan harsashi, ka ja saman ka leƙa ciki da idonka, ka fitar da duk harsashi daga ɗakin da kake aikin, sannan ka kwance. Kada ka gwada saitin ta hanyar auna mutum, ko da ka rantse babu komai a ciki. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana a nuna ɗan'uwa da makami, domin mutum bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ya faɗa ramin wuta. A ruwayar Muslim, mala'iku na tsine wa mai nuna ɗan'uwansa da ƙarfe har sai ya daina, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wanda ya ratsa masallaci da kibau ma an umarce shi ya riƙe tsininsu. Iyalinka da yaranka sun fi cancantar wannan kariya a cikin gida.

Sashe na biyu na tambayarka shi ne mai nauyi. Karɓar lada a kan gyara ijara ce, asalinta halal, amma da sharuɗɗa. Dole ka san mai bindigar, ka san ta halal ce a hannunsa. Wanda ka san yana da husuma da wani, ko yana yi wa matarsa barazana, ko yana yawo da 'yan daba, haramun ne ka gyara masa, haramun ne ka ara masa na'urar, kuɗin da ka karɓa kuma ba na halal ba ne. Allah ya ce a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida kada a taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka, kuma a kan haka ne malamai suka hana sayar da makami lokacin fitina. Zato mai rinjaye ya isa ka ƙi, ba sai ka ga jini ba.

Sai dokar ƙasar da kake ciki. Dokar tarayya ta Amurka ta 1968 ta wajabta lasisi ga wanda ya mayar da gyaran bindiga sana'a, hukumar ATF mai kula da harkar makamai ce ke bayarwa. Ka zauna a ƙasar bisa alkawarin bin dokarta, musulmi kuma yana cika alkawari. Saboda haka kada ka fara karɓar kuɗi sai ka tambayi masanin doka, ka kuma nemi izinin kamfaninku idan bindigogin nasu ne, domin amana ce a hannun abokan aikin naka.

Ka kuma san da lamuni. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, masu sana'a suna biyan abin da ya lalace a hannunsu idan sun keɓanta da shi, sun yi aikin da lada ko kyauta. Ga wanda ya buɗe sana'ar ke nan. Ko ba ka buɗe ba, idan ka kankare saman bindigar wani ko ka fasa saitinsa mai haske da dare saboda ka sa na'urar da ba ta dace da samfurin ba, sakaci ne, za ka biya. Kuma kada ka ce masa ta gyaru sai an gwada a filin harbi.

Masu karatu a Najeriya kada su ɗauki wannan amsa su yi aiki da ita. Dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin jerin makaman da aka hana mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma kowa yana ganin abin da yaɗuwar makamai ta jawo a Zamfara, Katsina da Sakkwato. A can, gyara wa wanda ba jami'in tsaro ba kuma ba shi da lasisi bai halatta ba, haka shigo masa da na'urar. Wallahu a'alam.