Tambaya da Amsa: Fuskar Kwamfutata Tana Ɗaukewa Tana Dawowa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a Jami'ar Ahmadu Bello. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda na saya ta hannu shekara biyu da suka wuce, ta ɓullo da wani hali tun shigowar hunturu. Ina cikin rubuta furojet sai fuskarta ta yi baƙi ƙirin, alhali ina jin fankarta tana juyawa, kuma idan karatu nake saurare ba ya yankewa. Wani lokaci idan na ɗan karkata murfin sai hoton ya dawo. Na kai ta wurin wani mai gyara a Sabon Gari, ko kwance ta bai yi ba ya ce sai an canza sikirin gaba ɗaya. Shin in amince? Daga wata ɗaliba, Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kada ki biya kuɗin sabon sikirin tukuna. Kafin komai ma, ki kwafe furojet ɗinki a filashi yau ɗin nan, ki kuma tura wa kanki shi ta imel, domin wahalar shekara guda ba abin da za a bari a cikin na'ura mai ciwo ba ce.

Bayaninki ya riga ya nuna inda ciwon yake. Tunda sauti bai yanke ba, kwamfutar tana raye, hoton ne kawai ya kasa isowa. Tsakanin babban allon da ke ƙarƙashin madannai da sikirin akwai wata siririyar waya da masu gyara ke kira fileks, wadda ta ratsa ta cikin hinjin murfi. Duk buɗewa da rufewa sai ta lanƙwasu, kuma bayan shekaru, musamman ga kwamfutar da wani ya riga ya more ta kafin ta zo hannunki, ƙananan zaren da ke cikinta sukan fara tsinkewa, ko bakinta ya saki daga mazauninsa. Hoton da ke tafiya yana dawowa gwargwadon yadda aka karkata murfi, mafi yawanci wannan waya ce. Kuɗinta kuwa bai kama ƙafar kuɗin sikirin ba, wani lokaci ma danna ta kawai za a yi ta zauna.

Duk da haka ba a yanke hukunci da zato. Idan ta sake ɗaukewa, ki kashe fitilar ɗaki, ki kunna tocilar wayarki, ki kara ta dab da gilashin a karkace. Idan kin hango rubutunki dishi-dishi kamar inuwa, to hoton yana nan, fitilar da ke haska shi daga baya ce take mutuwa, kuma ita ma wutarta ta cikin fileks ɗin take bi. Sannan ki nemi talabijin mai kafar HDMI, wato ramin da ake soka wayar da ke kawo hoto daga kwamfuta, ko a gidan maƙwabta ne, ki jona kwamfutar, ki danna maɓallin Windows tare da P, ki ɗauki zaɓi na biyu wanda ke nuna hoto ɗaya a wuri biyu. Ki riƙa motsa murfin a hankali kina kallo. Idan fuskar kwamfutar ta yi duhu amma talabijin na ci gaba da nunawa, zargi ya ragu a kan babban allon, abin ya fi karkata tsakanin waya da sikirin. Idan kuwa duka biyun suka ɗauke tare, magana ta koma kan manhajar da ke sarrafa hoto ko shi kansa babban allon. A nan sai ki danna Windows, Ctrl, Shift da B lokaci guda; a Windows 10 da 11 za ki ji ɗan ƙara, fuskar ta ƙifta, kuma idan hakan ya dawo da hoton, sabunta manhajar daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar shi ne magani, ba sukundireba ba.

Kin ambaci hunturu, kuma gaskiya ne ƙurar Zariya takan toshe fanka har na'ura ta ɗau zafi, balle in a kan katifa ake ajiye ta. Sai dai zafi yakan kashe kwamfuta ɗungurungum ne, har da sauti, don haka ban ɗora masa laifin ba, ko da yake a sa a busa mata iska idan an kwance ta. Haka ma maganaɗisun murfin wayar salula ko na agogo yakan yaudari kwamfuta ta ɗauka an rufe ta, amma shi ma barci yakan sa ta, karatun ya tsaya.

Abin da ya fi damuna shi ne mai gyaran da ya yanke magana bai kwance ko noti ɗaya ba. Ba na cewa mugunta ce, wataƙila gaggawa ce, domin shi ma sikirin yakan lalace ta wannan siga. Amma idan waya ce matsalar, sabon sikirin zai ci gaba da ɗaukewa kamar tsohon, kuɗinki kuma sun tafi. Idan kin koma, ko wurinsa ko wurin wani, ki gaya masa sakamakon gwajin tocila da na talabijin, ki roƙe shi ya fara duba fileks a bakinta biyu da kuma inda ta ratsa hinji. Ki tabbatar ya cire batir kafin ya taɓa ta, saboda zare ta da wuta a jiki yana iya ƙone fiyus ɗin fitilar a kan babban allo, ƙaramin gyara ya zama babba. Idan har ta kai ga canza sikirin, a duba lambar da ke bayan tsohon da yawan haƙoran bakinsa, 30 ne ko 40, a jona sabon a gabanki, ki buɗe murfin ki rufe sau da yawa kafin ki miƙa kuɗi. Kafin lokacin, ki bar murfin a inda hoton ke tsayawa, ki riƙa ɗaga shi daga tsakiya, ba daga kusurwa ɗaya ba.