Shiru-shirun yaro ba daƙiƙanci ba ne

Hajiya, kin ce babban ɗanki shiru-shiru ne, ƙanensa kuwa sarkin surutu, har maƙwabta a Agege na cewa ƙaramin ya fi basira. Kina tambaya ko hali na nuna kaifin ƙwaƙwalwa.

Surutu dai ba ma'aunin basira ba ne. Masana halayyar ɗan Adam sun kasa hali gida biyar, kuma wanda ya fi tafiya da basira a cikinsu shi ne son sanin sabon abu, shi ma ba can ba. Son shiga jama'a kusan babu ruwansa da ita. A 1967 wani masanin halayyar ɗan Adam, Hans Eysenck, ya yi hasashen cewa ƙwaƙwalwar mai shiru-shiru a farke take tun asali, shi ya sa hayaniya ke saurin gajiyar da shi. In haka ne, wanda ya ratso cunkoson Oshodi a Legas cikin motar haya ta danfo ya dawo ya yi gum, ai bai yi laifi ba.

Hali na da tushe a ƙwaƙwalwa kam. A 1848 ƙarfe ya huda gaban kan wani ma'aikacin layin dogo, Phineas Gage, a Amurka. Ya rayu, yana magana, amma mutumin da aka sani da natsuwa ya koma marar haƙuri. Wannan sashen na gaba shi ke riƙe da linzamin mutum, kuma ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

Ni fargaba zan fi sa wa ido, don tana cinye hankalin yaro a ɗakin jarrabawa, ya manta abin da ya sani sarai. In kuma shirun sabo ne, ga rashin barci ko ƙin abinci, ki kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba likita ya duba shi.