Amsa kan horar da ma'aikatan lafiya na karkara su ba da maganin cuta mai karya garkuwar jiki

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko bitar mako guda ta isa ma'aikacin lafiya na karkara ya fara ba masu ɗauke da wannan cuta magani, ko kuwa sai likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na daɗe cikin masu zagaya asibitocin ƙananan hukumomi don duba waɗanda aka horar, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Maganar sai likita an wuce ta. Lokacin da gwamnatin tarayya ta fara raba maganin a 2002, a manyan asibitoci ƙalilan ake samunsa, mutum ya taso daga ƙauye tun asuba, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa shi ya daina zuwa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sauke wa ma'aikatan jinya da na matakin farko wani ɓangare na aikin likitoci, Nijeriya kuma ta fitar da nata tsarin a 2014. Maganin ma ya yi sauƙi, domin yawancin manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ake kira TLD, kuma yanzu ba a jiran garkuwar jiki ta faɗi kafin a fara.

Amma bita kaɗai ba ta isa ba. Na taɓa samun wani matashi da ya ci jarrabawar bita da kyau, yana da majinyaci mai tarin fuka da aka ɗora a kan magani mai rifampicin, bai kuwa ƙara masa ƙwaya ta biyu ta dolutegravir, ɗaya daga cikin magungunan da ke cikin TLD, da yamma ba, alhali maganin tarin yana rage ƙarfinta a jini. An faɗa musu a bita, sai dai an faɗa ne cikin abubuwa barkatai bayan cin abincin rana. Sai da muka zauna da katunan majinyata ɗaya bayan ɗaya sannan abin ya zauna masa. Haka ma idan gwaji ya nuna yawan ƙwayar cutar ya haura 1,000 a kowace mililita ta jini, sabon ma'aikaci yakan ɗauka maganin ne ya daina aiki, alhali ƙa'ida ita ce a zauna da mutumin, a ƙarfafa masa shan magani kimanin wata uku, sannan a sake gwaji. Sau da yawa sai ka tarar ya tafi cirani ne maganin ya ƙare, ko mace ce take ɓoye kwalbar don kada kishiya ta gani. Irin wannan tambayar ta dalilin da ya hana mutum shan magani, da Turanci ake koyar da ita a bita, da Hausa kuma ake yin ta a ɗakin duba marasa lafiya, shi ya sa nake sa su su gwada a junansu da Hausa har bakinsu ya saba.

Abin da ya fi damuna shi ne sirri. A ƙauye ma'aikaci ya san kowa, kowa ya san shi. Na san matar da ta bar zuwa asibiti gaba ɗaya saboda an ɗaga murya an kira ta karɓar maganinta a gaban dangin mijinta, kuma wanda ya kira ta bai yi da mugun nufi ba.

Akwai kuma matsalar da ba ta ma'aikaci ba ce. Saboda alawus, wani lokaci wanda ba ya ganin majinyata ake turawa bita, ko kuma a horar da mutum, bayan wata biyu a yi masa canjin wurin aiki, asibitin ya koma yadda yake. Idan kana da ta cewa a wurinku, ka nemi a horar da mutum biyu a kowane asibiti, ɗayansu ungozoma, domin a wajen awon ciki ake gano mata da yawa, ita ce kuma za ta tabbatar an ɗebi jinin jariri don gwajin cutar a mako shida. Ka kuma nemi ƙwararre ya riƙa zuwa duk wata yana zama da su aƙalla wata shida, a ba su lambar likitan da za su kira idan majinyaci ya zo da ciwon kai mai tsanani, ko idonsa ya yi rawaya, ko ya rame ƙwarai.