Batir ya mutu bayan mota ta yi wata guda a ajiye

Malam, ka ce motarka ta yi wata ɗaya a gareji, yanzu ka murɗa makulli sai "kyat-kyat" kawai, kana tambaya ko sabon batir za ka saya. Dakata tukuna.

Ko a ajiye, agogo da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, suna ɗan tsotsar wuta, zafin bazara kuma yana ƙara cinye batirin. Nemi mai wayarin ya ɗora mita. Cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6, in ya sauka ƙasa da 12, kai shi wurin masu caji ya kwana a kan caji a hankali. Haɗa waya da motar maƙwabci ka zaga unguwa na minti goma ba zai cika shi ba. In mota ta tashi, a sake aunawa: 13.8 zuwa 14.4 ake so. Ƙasa da haka, galibi laifin altaneta ne, wato na'urar da ke caja batir in mota tana aiki.

Abin da nake roƙonka: kada ka yarda wani ya cire kan batir mota tana aiki, wai gwaji. A idona aka yi wa tawa haka, ƙwaƙwalwar ta ƙone, na biya kuɗin da ya fi na batir biyu.

Farin garin nan da ke taruwa a kan batir, wanke shi da ruwan ɗumi da bekin soda, ka shafa ɗan giris. In mai murfi ne kuma ruwan ya yi ƙasa, tataccen ruwa na batir (distilled water) za a ƙara, ba asid ba.